Takardar Riƙon Baba

Ranar da na sauka ƙasar Holan ruwa ake yi, ranar da na baro ta ma ruwa ake yi, a wata goma sha ɗayan da ke tsakani kuwa ban tuna na haɗa kwana uku takalmina a bushe ba. Ni mutumin Adar ne, inda ake fita bayan gari roƙon ruwa, sai ga ni tsaye a tashar jirgin ƙasa ina harararsa. Malamin tarihi ne ni a lise, wato sakandare, ta Buza. Gurbin ƙaro karatu na samu, aka ce in je in yi aiki tare da wasu masu bincike a kan tsofaffin takardun shari'a. Mutanen garinmu sun ɗauka hutawa na tafi yi. Allah Ya yafe musu.

Ɗakin da na kama tun ina Yamai, ta hannun wani mutum da muka yi ta rubutu da shi a salula, ashe ba ɗaki ba ne. Na ja balis ɗina, akwatin kayana, har ƙofar gidan, na danna ƙararrawa, wata tsohuwa ta leƙo daga sama ta ce mini ni ne na huɗu a watan da ya zo mata da hoton falonta. Ba ta yi faɗa ba, ita ma ta gaji. Ta rufe tagarta. Lambar mutumin daga ranar ba ta sake shiga ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne, na sha faɗa wa ɗalibaina haka, ban san ni za a gwada wa ba.

Wanda ya tsamo ni wani Bala ne, ɗan zangon Kumasi, mai wankin jiragen ƙasa. A ƙofar masallaci ya ji ina waya da Hausa, ya juyo ya tambaye ni daga ina. Na ce Keita. Ya ce bai san ta ba, amma yana da tabarma. Mako bakwai na yi a ƙasan ɗakinsa, kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki. Hausarsa tana ba ni dariya, tawa tana ba shi. In na ce zan tahi sai ya ce don Allah in maimaita. Bai taɓa tambayata ranar da zan tashi ba, ni kuwa kullum da ita nake kwana.

Zango na biyu shi ne gidan ajiyar takardu, a wani gari mai magudanun ruwa, tafiyar minti arba'in a jirgi. Shugaban bincikenmu ya ce mini tsohon rubutun Holanci ba wuya, wata biyu zan kama. Ƙarya ce. Wata huɗu na yi ina kallon layukan nan kamar sawun kaji a rairayi kafin su fara yi mini magana. Da ban samu Anika ba da na tattara na dawo gida. Ita ce mai fito da akwatunan takardu, mace mai furfura da ta kusa ritaya, mai tafiya da ɗingishi. Ba ta da yawan murmushi, amma in ta ga na daɗe a kan shafi ɗaya sai ta ja kujera ta zauna, ta bi mini layin da ɗan tsinken takarda, ta tashi ba tare da ta jira godiya ba.

Takardun na shekara ɗari uku ne da wani abu, kuma duk magana ɗaya suke yi: yadda ake ƙwace wa babban mutum ikon kansa. A zamanin, in dangi suka ga wani nasu ya taɓu, ko giya ta cinye shi, ko yana watsa dukiya, ko tsufa ya rikita shi, sai su rubuta wa dattawan gari koke. Maƙwabta su zo su yi shaida. In dattawa sun yarda, a kaɗa ƙararrawa a gaban gidan mulki, a sanar da jama'a cewa daga yau wane ba shi da ta cewa: kada a saya a hannunsa, kada a sayar masa, an naɗa masa mai riƙo. A wasu garuruwan har suna suke ba irin wannan mutum, wai yaron gari, ko da gemunsa ya yi fari fat. Aikina shi ne in karanta kowane koke in fitar da wanda ya kai ƙara, da dalili, da shaidu, da kuma ko an ji ta bakin mai abin. Mai gidan burodi da matarsa ta kai, matar matuƙin jirgin ruwa da ƴan'uwanta suka kai, tsoho mai saƙa da ƴaƴansa suka kai. Da farko ina tausayinsu. Daga baya, gaskiya, na daina ganinsu mutane, sun zama shafin da ke tsakanina da jirgin ƙarfe biyar.

Ina cikin wannan ne saƙonnin ƙanena Asumana suka fara yawa. Bokal yake aiko mini, wato maganar da ake ɗauka a salula, wani minti biyar wani bakwai, duk a kan Baba.

Mu bakwai ne a wajen Baba, ni ne ɗan fari. Ana yaye ni aka kai ni Buza wajen ƙanwarsa, Gwaggo Dije, ita ta raine ni ta sa ni lakkwal, makarantar boko. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Na Dije yake ce mini, ko wancan. In na je ƙauye na durƙusa gaishe shi, sai ya dubi gefe ya amsa kamar da garu yake magana, kuma ko a salula ba mu taɓa yin magana kai tsaye ba. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san alkunyar ɗan fari, ni ma ban taɓa ɗaukarta komai ba. Asumana shi ke zaune da shi, shi ke noma, shi ya san tarinsa da atishawarsa.

Baba yana cikin waɗanda suka yi aikin gyaran ƙasa na Keita tun farkonsa. Shi da hannunsa ya mayar da wani faƙo a bayan ƙauyenmu gona: ya jera duwatsu don tare ruwa, ya haƙa ramuka, ya dasa itatuwa har wurin ya yi inuwa. Yanzu ya haura tamanin, amma kowace safiya sai ya ɗauki sandarsa ya nufi can yana gyara jeren duwatsun, har da na gonakin mutane. Asumana ya ce sau biyu ke nan yana faɗuwa. Ya ce wata rana tun hantsi ake nemansa, sai la'asar aka same shi a bayan tudu, ba ruwa ba takalmi ɗaya. Ya ce abin da ya fi tayar masa da hankali, Baba ya yanki gefen gonar ya ba wani tsohon abokinsa makiyayi, Agali, aro, ba shawara da kowa, kuma in aka yi shiru wata rana za a wayi gari gonar ta ƙare. Dangi sun zauna, sun ce a nemi takarda a gidan shari'a na Keita, a naɗa Asumana mai riƙon Baba da gonarsa. Abin da ya rage shi ne yardar babban ɗa, da wanda zai rubuta koken da Faransanci mai kyau. Duka biyun ni ne.

Na yi ta ja masa rai. Ba don na yi wani dogon tunani ba, don na gaji ne. Lokacin sanyi ya kama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, na bar gidan Bala na koma wani ɗan ɗaki a saman shagon gyaran keke, inda ba wanda ke cewa sannu. Kwana nawa nake yi ban furta kalmar Hausa ba. Ina kewar hura, ina kewar rana, ina kewar ko da hayaniyar kasuwar Bangi da nake zagi a da. In na buɗe salula ba abin da ke jirana sai muryar Asumana yana cewa, magaji, kai muke jira.

Wata Lahadi bayan azahar na zauna na ce yau sai na rabu da abin nan. Na sake sauraren saƙonninsa, na fitar da dalilai. Faɗuwa. Ɓata a bayan tudu. Bayar da gona. A saƙo na ƙarshe ya ƙara da cewa ko sunayen ɗiyanshi aka ce ya lissafa ba ya cikawa. Na rubuta wannan ma. Wallahi ban tsaya a kai ba ko na ƙiftawar ido, don na karanta irinsa sau ɗari a akwatunan Anika, maƙwabta na rantsuwa cewa wane bai ƙara sanin ƴaƴansa ba, kuma na san shi ne dalilin da ya fi saurin karya zuciyar alƙali. Hannuna ya riga ya iya tsarin. A fara da baƙin ciki da girmama tsohon, a jera abin da ya faru ba tare da zagi ba, a rufe da cewa don amfanin kansa ake nema. Koken ya yi kyau. Na ji daɗinsa, abin kunyar ke nan. Na sa hannu, na ɗauki hoto, na aika, na dafa taliya na ci.

Ban kira Baba ba. Ta yaya? Shekara talatin da tara ba mu yi ba, sai ranar da zan tambaye shi ko hankalinsa na nan?

Asumana ya yi godiya, saƙonni suka ɗauke, na samu lafiya. Wata biyu suka wuce. Ranar wata Talata Anika ta turo mini wani ƙaramin akwati da ban nema ba, ta ce in duba, irin waɗannan ba su da yawa. Koke-koke ne na waɗanda aka riƙe, suna roƙon a mayar musu da ikon kansu. A ciki akwai na wani tsoho mai tufka igiyar jiragen ruwa. Wani ya rubuta masa, shi kuma ya yi ɗan zane a ƙasa a madadin sa hannu. Bai musanta komai ba. Ya ce gaskiya ne yana fita kullum ya daɗe, gaskiya ne ya ba maƙwabcinsa kayan aikinsa, amma ga dalilinsa, ga dalilinsa, kuma da an tambaye shi da ya faɗa. Na tambayi Anika ko an sake shi. Ta ɗaga kafaɗa ta ce shafin hukuncin ya ɓata. Na ci gaba da aiki, amma ranar ban iya cin abin da na ƙunso ba.

Ban kai ga yin komai ba saƙon Gwaggo Dije ya shigo. Gwaggo ba ta taɓa aiko mini bokal ba, maƙwabciyarta ta riƙe mata salular. Ko gaisuwa ba ta yi ba. A jirgi na saurara, a tsaye, an matse ni da wasu masu jikakkun riguna.

Ta ce ta je gidan shari'ar ranar da aka zauna. Alƙalin yaro ne, baƙo, ba a daɗe da kawo shi ba, da tafinta yake aiki. Aka karanta takardata aka fassara wa Baba da Hausa, yana zaune yana ji. Alƙali ya ce shi ba zai yanke ba sai ya gwada da kansa. Ya tambayi Baba sunan ƙauyensa, ya faɗa. Sunan maigari, ya faɗa. Watan da ake ciki, ya faɗa, har ya gyara wa tafinta. Sai alƙali ya dubi takarda ya ce, to, ya lissafa ƴaƴansa bakwai, daga babba.

Baba ya fara daga Asumana. Ya kawo shida tsaf, ya yi shiru.

Sau uku alƙali yana tambaya ko ba saura. Baba ya sunkuyar da kai yana duban sandarsa. Gwaggo ta ce duk wanda ke ɗakin ya san abin da ake ciki, ita ta miƙe za ta yi magana aka zaunar da ita, tafinta ma ya yi wa alƙali bayanin al'adar. Alƙali ya ce ya ji, shi ma ya san ana yi. Amma ya ɗaga takardata ya ce babban ɗan da kansa, malami, mai karatu a Turai, shi ya rubuta cewa tsohon ba ya cika sunayen ƴaƴansa, kuma ya sa shi cikin alamun ruɗewa. Wa ya fi ɗan sanin bambancin kunya da mantuwa? Ya buga tampo, hatimin hukunci.

"Sunan da bai cika ba naka na, Isuhu," in ji Gwaggo. "Kai ka rubuta, kuma naka na."

Na wuce tashata ban sani ba. Sai da jirgi ya tsaya a wani gari da ban taɓa ji ba na sauka na zauna a benci. A sauran saƙon Gwaggo ta ce tun ranar an hana Baba zuwa gona. An ce wa Agali ya kwashe kayansa bayan girbi. Baba yana zaune a zaure daga safe har magariba, in ya miƙe matan gida su ce ina za shi.

Na kira Asumana, na zazzage masa. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shi abin da ya gani ya faɗa, bai iya Faransanci ba, bai san wane ne dalili mai nauyi ba wane ne mara nauyi, ni ne mai ilimin. Ya ce ranar da Baba ya ɓata shi ya hau tudun nan yana kuka yana leƙa ramuka, ni ina ina? Ya ce in ina so in zo in karɓi riƙon, ga shi ga ni. Ba shi da laifin da ya kai nawa, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na kashe salula.

Na sake rubuta wata takarda, na janye maganata, na bayyana komai. Wannan karon kwana huɗu na yi ina gogewa, kuma ba ta yi kyan ta farko ba. Amsar da ta zo ta bakin Asumana ita ce, ba a warware hukunci don ɗa ya canza ra'ayi. Sai dai tsohon ya dawo da kansa a sake gwada shi, kuma tambayar da ya faɗi a kanta ita za a fara yi masa. Kalma ɗaya ke nan. Ya faɗi sunana sau ɗaya a gaban alƙali, ya koma gonarsa.

Na roƙi Gwaggo ta hau mota ta je ƙauye. Ranar Juma'a da hantsi na fita daga ɗakin karatu, na tsaya a rumfar ajiye kekuna, na kira. Ta ce ga ta a zaure, ga shi zaune, ta buɗe murya yana ji. Na ji tarinsa. Ban san ya ake fara magana da shi ba, sai na yi da ita. Na ce ta gaya masa ni na yi kuskure, ni na cuce shi, ya yafe mini. Na ce ta gaya masa ni na ɗauke masa kunyar nan, ba na so, ya je ya faɗi sunan, sau ɗaya tak, ba wanda zai ga laifinsa a duk Adar. Na ce ta tuna masa damina ta kusa, jeren duwatsun zai zube in ba shi. Na yi ta magana.

Da na gama, na duba ko layi ya yanke. Sannan na ji shi, kusa sosai, kamar ya matso da bakinsa wajen salular. Amma da Gwaggo yake.

"Dije, ce mishi na ji, kuma ba ni riƙe da shi. Takarda tai kyau, an karanta min, ba ƙarya ciki. Na faɗi, na ɓace, na ba Agali wuri. Ce mishi ban mance ba."

Gwaggo ta ce, to ka tahi ka hwaɗa mana, mi za shi rage ka?

"Ke kinka yaye shi, ke kinka sa shi lakkwal, ke kinka yi mishi aure. Ni ban ba yaron ga komi ba. Bakina ɗai na riƙe mishi, tun ran da anka raɗa mishi suna. Shi ɗai na nawa. Ba ni kwance shi gaban baƙo don a bar ni in ɗauki dutse."

Na ce, "Baba." Karo na farko a rayuwata da na kira shi kai tsaye, ba wani a tsakani. Na sake cewa, "Baba, don Allah."

Na ji ƙarar sanda a ƙasa, da jan takalmi. Gwaggo ta ce ya shiga cikin gida.

Sauran watanni ukun na yi su kamar wanda ake ja da igiya. Na gama akwatunan da aka ba ni. Anika ta ga idona ranar da na yi wayar nan, ta kawo mini shayi har teburi, abin da doka ta hana a ɗakin. Bala ya raka ni filin jirgi, ya ce in gaida Keita ko da bai san ta ba.

Da na iso ƙauye na tarar da Baba a zaure, ya rame, sandar na jingine nesa da shi inda hannunsa ba ya kai. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi gefe ya amsa. Na je gidan shari'a sau uku, alƙalin ya saurare ni da mutunci, ya ce ƙofa a buɗe take ran da tsohon ya shirya. Takardar har yau tana aiki, da sa hannuna a ƙasanta.